Filin Tambaya da Amsa: An Hana Ni Aure Saboda Asalin Kakana

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗanka ne daga ƙasar Jega, amma aiki ya zaunar da ni a Birnin Kebbi, inda nake koyarwa a wata makarantar sakandare. Na shekara biyu ina neman wata yarinya da aure, mun fahimci juna, har magabatana suka kai gaisuwa aka karɓa. Bayan haka danginta suka tura bincike garinmu kamar yadda aka saba, kuma da masu binciken suka dawo sai aka maido mana da kayanmu, aka ce baffanta ya rantse ba za a haɗa jini da bayi ba. Mahaifinta bai ce komai ba.

Tun da aka haife ni ban taɓa jin wannan magana game da gidanmu ba. Na tafi gida na zauna gaban gwaggona, yayar mahaifina, wadda ita kaɗai ta rage cikin manyanmu, na roƙe ta ta gaya mini gaskiya. Sai da ta yi kuka sannan ta ce kakansu an kamo shi yana yaro a wani hari lokacin yaƙe-yaƙen Kabawa da Gwandu, aka sayar da shi, ya girma a rinjin wani mai dukiya, wato ƙauyen gonar da bayinsa ke zama. Da ya kawo ƙarfi ya koyi saƙa, yana biyan murgu, har ya tara abin da ya fanshi kansa gaban alƙali a farkon zamanin Turawa. Ta ce ta riske shi yana tsoho, kullum da allonsa, domin sai bayan ya sami kansa ya fara karatu.

Malam, mahaifina ya rasu shekara huɗu da suka wuce bai taɓa gaya mini ba, kuma ina jin haushinsa a raina, ina kuma jin tsoron Allah a kan wannan haushi. Shin a addini har yanzu akwai wani ƙasƙanci a kaina? Na yi tunanin in nemi canjin wurin aiki zuwa inda ba a san ni ba, in ce ni ɗan wani gida ne dabam, domin kada 'ya'yana su ɗanɗana abin da na ɗanɗana. Ya halatta? Ita kuma yarinyar in haƙura da ita ne, ko da sauran magana?

Daga ɗanka mai neman shawara, Birnin Kebbi.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, na karanta wasiƙarka sau uku kafin in ɗauki alƙalami, kuma ina yi maka jaje a kan abin da ya same ka, domin a maido wa mutum kayan aure da irin wannan kalma ciwo ne da ba ya warkewa a kwana ɗaya. Ka kyauta da ka nufi gwaggonka maimakon ka tsaya sauraron maganar bakin kasuwa.

Bari in fara da tambayar da ta fi sauƙin amsa. Kai ɗa ne, mahaifinka ɗa ne, kakanka ɗa ne, shi ma tsohon da aka kamo ya zama ɗa tun ranar da ya cika fansarsa. A fiƙihun Malikiyya da muke bi a ƙasar nan, wanda ya sami 'yanci ya samu ke nan, ba a komar da shi, kuma abin da ya haifa da mace 'ya duk 'ya'ya ne. Abin da ya rage tsakanin wanda aka 'yanta da gidan da ya fito shi ne abin da malamai ke kira wala'i, wato wata dangantaka mai kama da zumunta wadda ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, kuma ba ta ba kowa ikon ya mallaki kowa. Duk wanda ya dubi ɗan jikan wannan mutum ya ce masa bawa, ya faɗi abin da Shari'a ba ta faɗa ba. A ɓangaren dokar ƙasa ma magana ta daɗe da ƙarewa: sanarwar da Turawa suka yi a 1901 ta ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne, a 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a Arewa, sannan Tsarin Mulkin 1999 ya hana bautar da mutum a sashe na 34, ya kuma hana a tauye ɗan ƙasa saboda yanayin haihuwarsa a sashe na 42.

Amma na san ba hukunci kaɗai ya hana ka barci ba. Kunya ce, kuma a kan kunyar nake so mu daɗe.

Ka tambayi kanka yadda yaro ke zama bawa a ƙasarmu a wancan zamani. Bayan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi a 1805, Kabawa ba su miƙa wuya gaba ɗaya ba. Sun kafa zama a Argungu, sarkinsu Yakubu Nabame ya sake ɗaga takobi a 1849, su da Gwandu aka yi ta kai wa juna hari shekara da shekaru, in ban da 'yan shekarun sulhun nan da ake kira Lafiyar Toga, wanda aka ƙulla a 1867. A irin wannan zamani ƙauyen da ke kan iyaka ba ya zaɓen wanda zai faɗa masa, kuma kowane ɓangare yana kwasar mutanen ɗayan. Yaron da ya fita kiwo da safe ɗan gidansu, da la'asar yana iya kasancewa a ɗaure ana kora shi zuwa kasuwa. Da yawa cikin waɗanda aka kwasa Musulmi ne 'ya'yan Musulmi, waɗanda bautar da su haramun ce tun daga tushe. Tun a 1615 Malam Ahmad Baba na Tumbuktu ya yi fatawa cewa mutanen Kano da Katsina da Gobir da Barno Musulmi ne, bai halatta a mallake su ba, kuma launin fata ko ƙabila ba sa mayar da mutum bawa. Kai da ka fito ƙasar Jega ma ba ka buƙatar zuwa Tumbuktu neman hujja, domin Gimbana tana kusa da ku. Can ne rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta auka wa jama'ar Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ta kwaso su a ɗaure, da aka biyo da su ta kusa da Ɗagel mutanen Shehu Usmanu suka kwance su, kuma wannan na cikin abin da ya kai ga hijira zuwa Gudu a 1804. Ashe jihadin da mutane da yawa ke alfahari da cewa kakanninsu sun halarta, ɗaya daga cikin mafarinsa shi ne ƙin yarda a bautar da Musulmi.

A cikin hadisin da Buhari ya ruwaito, Allah Maɗaukaki ya ambaci mutum uku da Shi da kansa zai zama abokin shari'arsu ranar alƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa. To, a cikin labarin da gwaggonka ta ba ka akwai wanda ya kama yaro, akwai wanda ya sayar, akwai wanda ya saya, akwai kuma yaron da aka raba da uwarsa. Ka duba da kyau ka gaya mini wane ne cikinsu ya aikata abin kunya. Abin da ke ba ni mamaki a al'adarmu, kuma yake ɓata mini rai, shi ne mun ɗauki kayan laifin mun ɗora wa wanda aka zalunta, har muna gadar da shi ga jikokinsa, alhali ba a taɓa jin an maido wa wani kayan aure don kakansa ya yi fataucin mutane ba.

Ka tuna Annabi Yusufu, ɗan annabi, jikan annabi, wanda Alƙur'ani ya ce an sayar da shi da 'yan dirhamomi ƙidayayyu. Ka tuna Zaidu ɗan Harisa, wanda aka kama yana yaro a wani hari kamar yadda aka kama kakanku, aka sayar da shi a kasuwar Ukaz, ga shi kuma duk cikin sahabbai shi kaɗai ne Alƙur'ani ya ambata da sunansa, a cikin Suratul Ahzab. Amma wanda ya fi faɗo mini a rai da na karanta wasiƙarka shi ne Salmanul Farisi. Ya baro ƙasarsu yana neman addinin gaskiya, wasu fatake suka ci amanarsa suka sayar da shi, har ya faɗa hannun wani Bayahude a Madina. Da ya musulunta, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da ya yi yarjejeniyar fansa da ubangidansa, aka yanke masa dashen dabino 300 da uƙiya 40 ta zinariya. Manzon Allah ya ce wa sahabbai su taimaki ɗan'uwansu, kowa ya kawo dashen da ya samu, shi kuma ya dasa su da hannunsa mai albarka. Wannan shi ne irin aikin da kakanku ya yi, sai dai shi ba mu ji an tara masa ba.

Ina so ka fahimci mene ne murgu, domin matasan yanzu ba su san nauyin kalmar ba. Murgu kuɗi ne da bawa ke biyan ubangidansa a kai a kai domin kawai a bar shi ya yi aikin kansa, kuma ba ya rage ko wuri ɗaya daga kuɗin fansa. Sai ya biya murgu, ya ci abinci, ya rufe jikinsa, sannan abin da ya yi saura shi yake ɓoyewa yana tarawa domin ya sayi kansa. Ka kwatanta masaƙi a zaune tun safe har rana ta faɗi, yana jefa ƙoshiya yana saƙa ƙyalle mai faɗin tafin hannu, shekara tana bin shekara, yana ƙidaya wuri ɗaya bayan ɗaya, yana sane da cewa ciwo ko yunwar shekara guda na iya cinye abin da ya tara. Mutumin da ya jure wannan har ya tsaya gaban alƙali ya biya, sannan da furfura ta fara fito masa ya ɗauki allo ya zauna cikin yara yana koyon baƙi, wallahi ni ban san irin kakan da mutum zai nema wanda ya fi wannan ba. Karatun da kake koyar da 'ya'yan mutane yau a Birnin Kebbi, daga wannan allo ya faro.

Da baffan yarinyar zai zauna da ni, da na tambaye shi ta hannun wa ya karɓi addinin da yake sallah da shi. Imamu Malik, wanda duk ƙasar nan ke bin mazhabarsa, ɗaya daga cikin manyan malamansa shi ne Nafi'u, bawan da Abdullahi ɗan Umar ya 'yanta. Isnadin Malik daga Nafi'u daga Ibnu Umar shi ne wanda malaman hadisi ke kira sarƙar zinariya saboda ingancinsa. Ata'u ɗan Abi Rabah, wanda mutanen Makka ke komawa gare shi a fatawar aikin hajji, shi ma maula ne, wato 'yantaccen bawa, baƙar fata. Mun yarda mu karɓi alwala da azumi da hajji daga hannunsu, amma da sun zo ƙofar gidanmu neman aure da mun tura a binciko asalinsu. Muslim ya ruwaito cewa abubuwa huɗu na jahiliyya za su saura cikin wannan al'umma, biyu daga ciki su ne alfahari da dangi da sukar nasabar mutane. Kuma lokacin da Abu Zarri ya gori wani mutum da mahaifiyarsa, Manzon Allah ya ce masa shi mutum ne da ke da sauran jahiliyya a tare da shi.

Ba daga nesa nake wannan magana ba. A garin da na tashi akwai wani dattijo da ya yi mana karatun allo, shi ne kuma ladanin masallacinmu, ba ya karɓar komai wurin iyayenmu sai kuɗin laraba idan an samu. Wata rana ya hore ni a kan wasa da na yi lokacin karatu, na fito ina kuka na kira shi dimajo, wato ɗan bayi, a gaban yara, kalmar da na tsinta a bakin manya ban ma san ma'anarta sosai ba. Ya ji, bai ce komai ba, washegari ya wanke mini allo ya rubuta mini sabon karatu kamar kullum. Ya rasu kafin in yi hankalin da zan je in nemi gafararsa, kuma har yau ba na sallar asuba ban sa shi cikin addu'a ba. Yaro ba ya ƙirƙiro irin wannan kalma da kansa, a gida yake jin ta, shi ya sa nake roƙon duk magidancin da ke karanta wannan fili ya kula da abin da ake faɗi a tsakar gidansa game da maƙwabta.

Game da mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ka sauke wannan haushi. Bisa ga abin da ka rubuto, bai yi maka ƙarya ba, shiru ya yi. Ya tashi a zamanin da waɗanda suka san labarin suna raye, watakila ya sha gorin da kai sau ɗaya ka sha, sai ya ga gara ya haɗiye shi kaɗai ya bar ka ka tashi kanka a ɗage. Ina ganin da ya gaya maka da ya fi, domin da ba a bakin baƙi ka fara ji ba, amma kuskuren da uba ya yi saboda tausayin ɗansa ba abin riƙo ba ne. Ka ziyarci kabarinsa, ka yi masa addu'a, ka yi sadaka da niyyarsa.

Maganar ka ƙaura ka jingina kanka ga wani gida, wannan kam ban yarje maka ba, kuma Shari'a ba ta yarje maka ba. Allah ya ce a kira mutane da sunan ubanninsu, shi ne mafi adalci a wurinsa, kuma ya tabbata a Buhari da Muslim cewa wanda ya danganta kansa ga wanin ubansa yana sane, an haramta masa Aljanna. Ko da ba don wannan ba, ramin ƙarya ƙurarre ne. Binciken aure da ya kai garinku bana zai kai can bayan shekara talatin idan ɗanka ya tashi nema, ranar nan kuma zai sha ciwo biyu, na gori da na ganin ubansa ya yi masa ƙarya. Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. An taɓa raba wancan yaro da sunan ubansa da garinsu da ƙarfin takobi, ya yi rayuwarsa yana gina sabon gida da guminsa domin zuriyarsa ta sami inda za ta ce nan ne namu. Idan ka share shi daga nasabarka, kai ne na biyu da ya raba shi da danginsa. Ba na cewa ka bi kasuwa kana shelar tarihin gidanku, domin babu wanda aka wajabta wa haka. Canjin wurin aiki ma don neman sauƙin zuciya ba laifi ba ne. Iyakar abin shi ne idan an tambaye ka kada ka musanta, idan 'ya'yanka sun yi hankali kuma ka zaunar da su ka ba su labarin da bakinka, yadda ya cancanci a ba da shi.

Saura maganar yarinya. A Malikiyya abin da ake dubawa wajen dacewar miji shi ne addininsa da kuɓutarsa daga aibubbukan da ke sa a raba aure, har Muhtasar na Shaihu Halil ya faɗa a fili cewa maula da wanda ba sharifi ba da wanda ya gaza a daraja duk tsaran aure ne. Manzon Allah da kansa ya aurar da Zainab 'yar Jahshi, 'yar gwaggonsa, ga Zaidu, ya kuma shawarci Faɗimatu 'yar Ƙaisu, Baƙuraisha, da ta auri Usama ɗan Zaidu. Saboda haka dalilin da baffanta ya kafa ba dalili ba ne. Sai dai ba zan ruɗe ka ba: uba yana da faɗin iko a kan auren 'yarsa budurwa a mazhabarmu, kuma ko da kotu za ta saurare ka, auren da aka ƙwato gaban alƙali da wuya ya ba ka surukan da za ka zauna da su lafiya. Kada kuma ka zuga yarinyar ta bijire wa iyayenta, domin ita za ta kwana a ciki.

Abin da na lura da shi a wasiƙarka shi ne uban yarinyar bai yi magana ba, kuma shirun uba a irin wannan wuri sau da yawa nauyin ɗan'uwa ne yake ji, ba lallai ne ya gamsu ba. Ka nemi dattijo biyu da yake jin kunyarsu, in da hali ɗaya ya kasance limamin da yake sallah a bayansa, su same shi shi kaɗai ba a gaban taro ba. Kada su je musanta abin da aka binciko, su tabbatar masa da shi, su ba shi labarin fansar da na allon, sannan su tuna masa hadisin Tirmizi da ya ce idan wanda kuka yarda da addininsa da halinsa ya zo muku neman aure ku aurar masa. A yi wannan sau ɗaya, cikin ladabi, bayan ka yi istihara. Idan ya amince, alhamdu lillahi, kuma ka riƙe baffan nan da girmamawa kamar ba abin da ya faru. Idan ya ƙi, ka yi musu fatan alheri ka janye, kada a ji mummunar kalma daga bakinka a kan gidansu. A nema na gaba kuwa, ka sa magabatanka su faɗi asalinku da kansu tun ranar gaisuwar farko.

Akwai aikin da ya fi duk waɗannan gaggawa, domin gwaggonka ta manyanta kuma ita kaɗai ta ga tsohon da idonta. Cikin hutun nan ka koma gida da littafi da alƙalami, ka nemi izininta ka naɗi muryarta a wayarka. Ka tambaye ta sunansa na yanka da sunan da aka sa masa a rinji idan sun bambanta, da irin tsagar da ke fuskarsa, domin tsaga takan nuna ƙasar da mutum ya fito, da ko ya taɓa ambaton sunan garinsu ko na mahaifiyarsa, da inda aka binne shi. Ka tambaya ko takardar da alƙali ya ba shi tana nan cikin wani tsohon adaka, ko allon nan yana hannun wani. Mai yiwuwa ne bincikenka ya kai ka ga dangin da suka yi shekara fiye da ɗari ba su san inda ɗansu ya shiga ba, kuma an ruwaito cewa mu koyi nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunta da shi. Idan ka samo wani abu ka sake rubuto mini, ina so in san sunansa in sa shi cikin addu'a tare da malamina.